Waiwaye: Yadda Amurka ta kulle hotunan azabtar da fursunoni da sunan kare sojojinta

A daren 28 ga Afrilun 2004 ne gidan talabijin na CBS ya nuna wa duniya abin da sojojin Amurka ke yi wa Iraƙawa a gidan yarin Abu Ghraib da ke yamma da Bagadaza. Wani fursuna a tsaye a kan kwali, an rufe masa kai da buhu, an ɗaura masa wayoyin lantarki a yatsu. Wasu an tuɓe su tsirara an jibga su a kan juna, sojoji a bayansu suna murmushi. Kafin a nuna su, babban hafsan sojojin Amurka na lokacin, Janar Richard Myers, ya roƙi gidan talabijin ɗin ya dakata, wai ana ɗauki-ba-daɗi a Falluja, kuma hotunan za su jefa sojoji cikin haɗari. An dakata na mako biyu. Wannan uzurin ne gwamnatin Amurka ta riƙe fiye da shekara 10 a gaban kotuna.

Hotunan ba gwamnati ce ta bankaɗo su ba. Wani ƙaramin soja mai suna Joseph Darby ne ya samu faifan da ke ɗauke da su, zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya miƙa wa masu binciken laifuka na soja a Janairun 2004. An yi masa alkawarin sakaya sunansa. Sai ga Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld ya ambaci sunan a bainar jama'a, a gaban majalisar dattawa, a watan Mayu. Daga baya sai da aka sanya shi da iyalinsa ƙarƙashin kariya saboda barazana daga mutanen garinsu. Duk lokacin da na ji ana maganar kare rayukan sojoji a wannan batu, sai na tuna cewa sojan da ya faɗi gaskiya bai samu wannan kulawar ba.

Tun a Oktoban 2003 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta nemi a ba ta bayanan yadda ake tsare da fursunoni, ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai. Da aka yi ta jan ƙafa, sai ta kai ƙara a Yunin 2004. Shari'ar ta faɗa hannun alƙali Alvin Hellerstein a birnin New York. Gwamnati ta fara da cewa sakin sauran hotunan da ke hannunta zai keta mutuncin fursunonin, abin da yarjejeniyar Geneva ta hana. Alƙalin ya ce a rufe fuskoki a saki. Sai aka kawo rantsuwar Janar Myers cewa za a yi tarzoma, za a kashe sojoji. A Satumban 2005 Hellerstein ya yi watsi da wannan ma, yana mai cewa masu tayar da ƙayar baya ba sa jiran wani uzuri kafin su kai hari.

Ba za a ce tsoron ƙarya ne ba. A watan Mayun 2004 an fitar da bidiyon yankan wani Ba'amurke, Nick Berg, kuma masu kisan sun ce ramuwar Abu Ghraib ce. A Mayun 2005 an rasa rayuka a zanga-zangar Afghanistan bayan labarin wulaƙanta Alƙur'ani a Guantanamo. Uwar da ɗanta ke sintiri a titunan birnin Ramadi na Iraƙi tana da dalilin fargaba. Amma a duba inda wannan hujja take kai mutum. Idan fushin da hoto zai jawo shi ne ma'aunin ɓoye shi, to gwargwadon munin ta'asa, gwargwadon ƙarfin dalilin rufe ta. Ƙaramin laifi zai fito fili, babba ya samu mafaka. Kuma Iraƙawa ba su buƙaci hoto kafin su sani ba, domin 'ya'yansu da mazajensu ne ke fitowa daga waɗannan ɗakuna suna ba da labari. Waɗanda aka hana gani su ne Amurkawan da aka yi abin da sunansu.

Akwai kuma abin da ya sa sauran hotunan suka fi na farko nauyi. Gwamnatin George Bush ta tsaya a kan cewa wake ɗaya ne ya ɓata gari, wato wasu tsirarun ƙananan sojoji ne masu aikin dare. Daga cikin sojojin, an ɗaure Charles Graner shekara 10, Lynndie England shekara 3, aka kuma rage wa Birgediya Janar Janis Karpinski, wadda gidan yarin ke ƙarƙashin kulawarta, muƙami zuwa kanar. Hotunan da aka riƙe kuwa an ɗauke su ne a wuraren tsare mutane daban-daban a Iraƙi da Afghanistan. Fitowarsu za ta sa a tambayi dalilin da ya sa irin wannan hali ya bayyana a sansanonin da ke nesa da juna.

A Satumban 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan a saki. Barack Obama ya hau mulki da alkawarin gwamnati a buɗe, kuma a Afrilun 2009 gwamnatinsa ta amince za ta saki hotunan. Ranar 13 ga Mayu ya janye, bayan kwamandojinsa sun nuna damuwa, ya ce sakin zai ƙara rura ƙiyayyar Amurka. A Oktoban shekarar majalisa ta yi sabuwar doka musamman domin wannan: Sakataren Tsaro na iya sa hannu ya kulle duk hoton fursuna da aka ɗauka tsakanin 11 ga Satumban 2001 da 22 ga Janairun 2009, na tsawon shekara 3, kuma yana iya sabuntawa. Ana tsakiyar shari'a aka sauya dokar da ake shari'ar a kanta. Robert Gates ya sa hannu a 2009, Leon Panetta a 2012, Ashton Carter a 2015.

Hukumar leƙen asiri ta CIA ba ta ma tsaya wannan wahalar ba. A Nuwamban 2005 ta lalata kaset 92 na bidiyon tambayoyin da ta yi wa fursunoni, kuma ba a gurfanar da kowa ba.

Hellerstein bai saki layi ba. Ya ce ba a yi wa dubban hotuna kuɗin goro, sai gwamnati ta nuna ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Wannan matsin ne ya sa ma'aikatar tsaro ta saki hotuna 198 a Fabrairun 2016, daga cikin kimanin 2,000. Yawancinsu hotunan ƙujewa ne da kumburi a hannu ko ƙafa, an ɗauke su daf da jiki, ba fuska, ba abin da zai nuna wane ne ko a ina. A Agustan 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin alƙalin, ta ce sa hannun Sakataren Tsaro ya wadatar.

Waɗanda aka azabtar sun bi wata hanyar. Iraƙawa uku da aka tsare a Abu Ghraib sun shigar da ƙarar kamfanin CACI, wanda ya samar da masu yi wa fursunoni tambayoyi, tun a 2008. A Nuwamban 2024 wata kotu a jihar Virginia ta yanke a biya su dala miliyan 42, bayan sun bayyana da bakinsu abin da aka yi musu.