Ƙashi, tsoka da jijiya: tambayoyi kan sunayen sassan jiki da yadda yake motsi

Mutum zai shekara yana fama da ciwo, amma idan aka ce ya faɗi inda ke masa ciwo sai ya ce "jijiya ce" ko "nan wajen". Wannan yana damuna, domin faɗin wurin daidai shi ke sa a gano matsalar da wuri. Ga amsoshin wasu tambayoyi da ake yawan yi.

Ta yaya masana ke bayyana wuri a jiki ba tare da ruɗani ba?

Sun amince da tsayuwa guda da ake auna komai da ita: mutum a tsaye, fuska na kallon gaba, hannaye a sake a gefe, tafin hannu ma yana kallon gaba. Ko majinyaci na kwance ruf da ciki, da wannan tsayuwar ake kwatanta gaba da baya, sama da ƙasa. Dama da hagu kuwa na mai jikin ne, ba na mai kallo ba. Shi ya sa a hoton ƙirji za ka ga zuciya ta karkata ɓangaren damanka, alhali hagu ta karkata a jikin mai hoton.

Yawancin sunayen daga Latin da Girkanci suka fito. Littafin da Andreas Vesalius, wani masanin sassan jikin mutum, ya wallafa a 1543 ya gyara kurakurai da yawa na magabata, sannan a 1998 aka fitar da jerin sunaye na bai-ɗaya mai suna Terminologia Anatomica.

Ƙasusuwa nawa ne a jikin mutum?

Baligi yana da 206. Jariri ya fi haka, don ana haihuwarsa da 270 ko sama, wasu na haɗewa yayin da yake girma. Kowane hannu, daga wuyan hannu zuwa yatsu, yana da 27, kowace ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasa tana da 26. Ka ga fiye da rabin ƙasusuwanmu a nan suka taru. Mafi tsawo shi ne na cinya, mafi ƙanƙanta yana can cikin kunne, bai wuce milimita 3 da ɗan abu ba.

Jijiya fa, abu ɗaya ce?

A nan gizo ke saƙar. Kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwan da aikinsu ya sha bamban. Akwai jijiyar jini, wadda bututu ce: wata na ɗaukar jini daga zuciya, ita ce kake jin bugunta a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, wata na mayar da shi, ita ce kake gani kore-kore a bayan hannu. Akwai jijiyar saƙo, wadda ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa jiki, ta kuma dawo da labarin zafi, sanyi da taɓawa. Idan ka buge gwiwar hannu ka ji kamar wutar lantarki ta ja ka har ɗan ƙaramin yatsa, irin wannan ka taɓa.

Sai kuma guda biyu masu kama da igiya. Ɗaya tana ɗaure tsoka da ƙashi. Kai hannu bayan dunduniyarka ka matsa: wannan abu mai tauri, agara, shi ne mafi ƙarfin irinta, kuma shi ke haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin dunduniya. Ɗayar tana ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa don kada su goce. A ganina, duk wanda zai ce "ciwon jijiya" ya kamata ya ƙara bayani: tsami ne, kamar ana ja ne, kumburi ne, ko mutuwar wuri kamar an zauna a kan ƙafa? Wannan bayanin zai taimaka a gane wace jijiya ce ke da matsala.

Tsoka ce ke motsa ƙashi?

Ita ce, kuma muna da fiye da 600. Sai dai tsoka ja kawai ta iya, ba ta turawa, don haka bibbiyu suke aiki. Dafa gaban damtsenka ka lanƙwasa hannu, za ka ji tsoka ta taso ta yi tauri. Yanzu miƙe hannun kana danna tebur, sai ka ji ta baya ce ta karɓi aikin. Wannan tasowar ce ake ganin ta sa Romawa suka kira tsoka musculus, wato ɗan ɓera, kamar yana gudu a ƙarƙashin fata. Tsokar zuciya da ta hanji iri daban ne, ba sa jiran umarninka.

Motsi ma yana da sunaye?

Ƙwarai. Lanƙwasawa ita ce kusanto da ƙasusuwa biyu, kamar naɗe gwiwa, miƙewa kuma kishiyarta. Warewa ita ce nesanta hannu ko ƙafa daga tsakiyar jiki zuwa gefe, haɗewa ita ce dawo da su. Akwai juyawa, kamar girgiza kai don cewa a'a, da kifa tafin hannu ko jirkita shi sama.

Siffar gaɓa ce ke yanke irin motsin da za ta yi. Gwiwar hannu kamar ƙyauren ƙofa take, buɗewa da rufewa. Kafaɗa da kwatangwalo kuwa dunƙulen kan ƙashi ne zaune cikin ƙoƙo, shi ya sa suke zagayawa. Ƙoƙon kafaɗa ba shi da zurfi, wannan ya ba ta 'yancin motsi fiye da kowace gaɓa, shi ne kuma ya sa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa.

Mene ne bambancin targaɗe, gocewa da karaya?

Targaɗe rauni ne a igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, ta miƙe fiye da kima ko ta yage, kuma idon sawu ya fi fama da shi. Gocewa ita ce ƙashi ya fita daga mazauninsa a gaɓa. Karaya kuwa ƙashin ne da kansa ya tsage ko ya rabu. Dukansu suna kumbura suna zugi, kuma iya taka ƙafa ba ya nufin ba a karye ba. Hoton ƙashi ne ke raba gardama.