Me ya sa wata masana'anta ke fito da sabon abu, wata kuma ta tsaya cik? Tambayoyi da amsoshi

Idan an ce kamfani yana da "iyawa", ba kuɗi da injuna ake nufi ba?

A'a. Kuɗi da injuna dukiya ce, duk mai hali zai iya mallaka. Iyawa kuwa ita ce abin da mutanen kamfani suka saba yi tare har ya zame musu jiki: yadda labarin matsala ke tasowa daga bakin inji ya isa ofishin manaja, yadda ake gwada sabuwar dabara, yadda ake koya wa sabon ma'aikaci abin da tsofaffi suka gano, da yadda ake yanke shawara in an sami saɓani tsakanin masu ƙera kaya da masu sayar da su. Kamar gidan maƙera ne. Kowa zai iya sayen uwar maƙera da zuga-zugi a kasuwa, amma sanin lokacin da ƙarfe ya yi jan da za a doke shi, wannan a cikin gidan ake tashi da shi. Abokin gasa zai iya sayen irin injinka gobe, amma sai ya shekara da shekaru kafin ya kwaikwayi yadda mutanenka ke aiki.

Akwai misalin da ya nuna cewa tsarin aiki ne ke kawo bambanci, ba irin mutanen ba?

Akwai, kuma da wuya a sami wanda ya fi shi fitowa fili. Kamfanin General Motors yana da wata masana'antar haɗa motoci a garin Fremont na jihar Kalifoniya a Amurka, wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin ingancin mota, da yajin aiki, da fashin zuwa aiki. A rana ta yau da kullum kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa. A 1982 aka rufe ta. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, a haɗin gwiwa tsakanin General Motors da Toyota ta Japan, inda Toyota ta riƙe ragamar yadda za a tafiyar da aiki.

Abin lura shi ne yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da aka yi wa tambarin lalaci, kuma ƙungiyar ƙwadagonsu ita ce dai ta da. Aka kwashi wasu daga cikinsu rukuni-rukuni aka kai masana'antar Toyota ta Takaoka a Japan, suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan can. Da suka dawo aka raba su ƙananan ƙungiyoyi, kowace da jagoranta, aka ba su dama su tsara matakan aikinsu da kansu. Cikin ɗan lokaci motocin Fremont suka shiga sahun mafiya inganci a duk masana'antun General Motors, fashin aiki kuma ya ragu ƙwarai. Ginin bai canja ba, mutanen ma ba su canja ba. Abin da ya canja shi ne abin da ake tsammani daga ma'aikaci da kuma abin da ke faruwa da shi idan ya faɗi gaskiya.

Wane abu ne takamaimai Toyota ta kawo?

Mafi shahara ita ce igiyar da ke rataye a kan layin haɗa mota, wadda Japanawa ke kira andon. Ma'aikacin da ya ga kuskure zai ja ta, jagoran ƙungiyarsa ya rugo, in ba a shawo kan matsalar nan take ba layin ya tsaya. A tsohon tsarin Fremont tsayar da layi babban laifi ne, don haka mota mai aibu sai ta wuce, a yi ta jibga kaya a kan aibun, daga baya a kai ta filin gyara.

Tunanin ya girmi motar Toyota kanta. Sakichi Toyoda masaƙa ce sana'arsa, kuma a 1924 ya kammala injin saƙa mai tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada a ɓata yadi. Ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin mota a 1937. Bayan yaƙin duniya na biyu, injiniya Taiichi Ohno ya faɗaɗa abin, har da ɗabi'ar tambayar "me ya sa?" sau biyar a jere, har a isa tushen matsala. Tun 1951 kuma kamfanin ke da tsarin karɓar shawarwari daga ma'aikata.

Wani zai ce wannan ai gyara ne, ina ƙirƙirar? A ganina nan ne mutane ke yawan kuskure. Ana ɗaukar ƙirƙira a matsayin babban abu guda da wani haziƙi ya yi mafarkinsa. A masana'anta, yawancinta ƙananan sauye-sauye ne: matso da akwatin ƙusa kusa da hannu, rage lokacin canja abin buga ƙarfe daga sa'o'i zuwa mintoci. Su ne ke taruwa su ba kamfani damar ƙera kaya iri-iri da arha.

In abin ya fito fili haka, me ya hana General Motors yaɗa shi ko'ina?

Ta gwada, ta sha wuya. An kai tsarin masana'antarta ta Van Nuys, bai kama ba, aka rufe ta a 1992. Rataya igiya abu ne mai sauƙi, amma idan har yanzu ana auna manaja da yawan motocin da suka fito ne kawai, ba zai yi wa mai jan igiyar kallon arziki ba. A shekarun 1980 ɗin nan kuma, a ƙarƙashin shugabanta Roger Smith, kamfanin ya zuba biliyoyin daloli a mutum-mutumin inji, bisa tunanin cewa na'ura ce za ta rufe tazarar da ke tsakaninsa da Japanawa. Ba ta rufe ba.

To mene ne ainihin aikin shugaba a nan? Shi zai kawo dabarun?

Ba lallai ba. Babban aikinsa shi ne yanke hukunci a kan abin da za a zuba wa kuɗi, musamman idan sabon abin zai ci kasuwar tsohon da ke kawo riba. Labarin Kodak ta Amurka da Fujifilm ta Japan, kamfanonin da suka shahara wajen ƙera fim ɗin da ake sa wa kyamara a ɗauki hoto, ya isa misali.

A 1975 wani matashin injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda baƙi da fari a kaset. Wato ilimin yana cikin gida. Kodak ba ta yi watsi da dijital gaba ɗaya ba, ta ma sayar da kyamarori masu yawa daga baya, amma ribar fim ta yi daɗin da shugabanni suka daɗe suna kāre ta, kuma kyamarar dijital ba ta kawo riba irin ta fim. A Janairun 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki.

Guguwar da ta kayar da Kodak ita ce ta bugi Fujifilm. Kasuwar fim ta kai ƙololuwa wajajen 2000, daga nan ta rufta. Shigetaka Komori, wanda ya zama babban shugaban kamfanin a 2003, ya sa aka zauna aka lissafa abin da kamfanin ya iya a fannin sinadarai da shimfiɗa siraran rufi a kan leda, sannan aka nemi inda wannan ilimi zai yi amfani. Daga nan suka ƙarfafa ƙera ledar da ake sa wa a allon talabijin da kwamfuta, suka shiga kayan asibiti da magunguna, har a 2007 suka fito da man shafawa mai suna Astalift, domin sinadarin da ke cikin fim dangin wanda ke cikin fatar mutum ne. Abin bai zo da sauƙi ba, dubban ma'aikata sun rasa aikinsu a garambawul ɗin. Amma kamfanin yana nan da ƙarfinsa.

Ba wa ma'aikata 'yanci kaɗai ya wadatar?

Bai wadatar ba, ko da yake yana taimakawa. Kamfanin 3M na jihar Minnesota ya daɗe yana barin masu bincikensa su kashe kashi 15 cikin ɗari na lokacinsu a kan abin da suka ga dama. A 1968 Spencer Silver ya samo wani gam mara ƙarfi da aka rasa amfaninsa. Sai a 1974 abokin aikinsa Art Fry ya ga zai yi daidai da 'yar takardar da za a manna a cire, kuma sai 1980 takardun Post-it suka bazu a kasuwannin Amurka. Shekara goma sha biyu ke nan. Da ba a saba yawo da labarin bincike tsakanin sassan kamfanin ba, da gam ɗin ya mutu a ɗakin gwaji.

Masana'antar da ke fama da rashin wuta a Sharaɗa ta Kano ko Kakuri ta Kaduna, wannan zance ya shafe ta?

Ya shafe ta, amma kada a ɗora wa shugabanci abin da ba nasa ba. Masaƙun Kaduna, irin su KTL da aka kafa a 1957, sun durƙushe ne a ƙarƙashin tsadar makamashi, da tsofaffin injuna, da kwararowar yadin waje ta fasa-ƙwauri. Babu igiyar da za a ja ta kawo lantarki. Sai dai Toyota ma a cikin ƙunci ta gina tsarinta: a 1950 ta kusa rufewa, ta sallami ma'aikata, Kiichiro Toyoda kansa ya sauka daga shugabanci. Rashin kuɗin tara kaya a sito ne ya tilasta mata koyon ƙera abin da ake buƙata a lokacin da ake buƙatarsa. Mai masana'antar da ke ƙona gas a janareta ya fi kowa asara idan inji ya yi awa guda yana fitar da kaya masu aibu, kuma wanda ke tsaye a bakin injin ne zai fara gani. Ko zai yi magana ko zai yi shiru, ya danganta da abin da ya faru da wanda ya yi magana kafin shi.