Waiwaye: Yadda Ines Laklalech ta bar wasan sha'awa ta shiga na kuɗi

A Garwa, nan arewacin Kamaru, idan ka ce Maroko da shekarar 2022, hira ba ta wuce Qatar, inda 'yan ƙwallon ƙasar suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Amma wata uku kafin nan, a Satumba, wata 'yar Kasablanka mai suna Ines Laklalech ta ci gasar golf ta mata ta Faransa a garin Dobil. Kafin ita babu Balarabiyar da ta taɓa ɗaukar kofi a jerin gasannin ƙwararrun mata na Turai. Sun yi kunnen doki da Meghan MacLaren ta Ingila, aka ƙara musu rami, ta cinye.

Na nuna wa 'yar yayata hoton Ines a filin golf a waya, muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta leƙa ta ce, “Kawu, wannan ciyawar duk ban-ruwa ake mata? Mu da famfo ke mana rowa?” Na yi dariya, amma tambayar ta taɓo gindin zancen.

Golf wasa ne na rami 18, ɗan wasa ba ya ɗaukar sanda fiye da 14 a jaka, kuma wanda ya yi bugu mafi ƙaranci shi ke ci. 'Yan wasansa kashi biyu ne: masu yi don sha'awa, da waɗanda suka mai da shi sana'a. Katangar da ke tsakani tsohuwa ce, daga Birtaniya ta taso, zamanin da masu hali ke ganin karɓar kuɗin wasa ƙasƙanci ne. Sai a farkon 2022 hukumomin wasan suka sassauta, suka yarda ɗan sha'awa ya yi talla, ya kuma karɓi kyautar da ba ta wuce dala 1,000 ba. Mata kuwa da kansu suka share wa kansu hanya: su 13 suka kafa LPGA, ƙungiyar ƙwararrun mata 'yan golf, a Amurka a 1950, ta Turai ta biyo baya a 1978.

An haifi Ines a 1997, ta fara riƙe sanda tana yarinya a filin Anfa na Kasablanka. Zamanin sha'awarta bai tafi sumul ba. Ta buga wa jami'ar Wake Forest ta Amurka na ɗan lokaci, sai ta jingine sandunan ta tafi Landan karatu. Da yawa daga nan suke ɓacewa. Ita ta dawo, a ƙarshen 2021 ta shiga gasar tantancewa a Sifen ta sami katin ƙwararru. Katin nan ba albashi ba ne, izinin shiga fili ne kawai. Kuɗin jirgi, masauki da ladan mai ɗaukar jaka duk a wuyan 'yar wasa suke, kuma wadda aka zubar a tsakiyar gasa galibi hannu rabbana take komawa gida. A Disamban 2022 ta sami katin LPGA, sannan ta wakilci Maroko a Olamfik na Faris a 2024.

Ba daga sama ta faɗo ba. 'Yar ƙasarsu Maha Haddioui ta riga ta shiga gasannin Turai, ta kuma je Olamfik na Riyo a 2016 da na Tokiyo. Can baya kuma akwai Sarki Hasan na Biyu na Maroko, mai tsananin son golf, wanda aka fara gasa da sunansa a 1971. Ta mata, Kofin Lalla Maryam, ta zo a 1993. Wato shekara hamsin ƙasar ta yi tana shayar da ciyawa kafin ta girbe.

A Kamaru filayen da aka sani suna kudu, a Yawunde da Tiko. Mu nan arewa filin ƙwallo na Rumde Ajiya muke da shi, da ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport, sai yashin kogin Binuwai da rani. 'Yar yayata ta miƙo mini wayar, ta ce ita dai a bar ta da ƙwallon hannu da suke yi a makaranta, ta ɗauki farantin shinkafarta ta nufi madafa.