Waiwaye: Yadda aka daina yarda da saƙon "an kammala ajiya"

Reshen banki ko na kamfanin sadarwa da ke Damagaram, kusan kilomita 900 daga hedikwata a Yamai, yakan ɗauki kwafin ko-ta-kwana na bayanansa kowane dare. Ɗaukar ba ta da wuya. Abin da ya daɗe yana ci wa masu kula da kwamfutoci tuwo a ƙwarya shi ne sanin ko kwafin zai tashi ranar da aka neme shi.

Da kaset aka fara. IBM ta fito da na'urar kaset ɗinta ta farko a 1952, kuma shekaru da dama sa ido yana nufin ido na gaske: ma'aikacin dare ya sauya kaset, ya rubuta a rajista, ya sa hannu. Ana jujjuya na kullum, na mako da na wata. Kaset bai mutu ba, don samfurin farko na kaset ɗin LTO a 2000 yana ɗaukar gigabait 100, na tara kuwa a 2021 terabait 18. Rajistar ce ta kasa, da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanai, suka kai ɗaruruwa.

Sai aka miƙa aikin ga manhaja. Nagios, wadda ta fito a 1999 da sunan NetSaint, da Zabbix a 2001, sun kawo allon sa ido mai nuna kore in lafiya, ja in akwai matsala, manhajojin ajiya kuma suna turo imel da asuba. Matsalar wannan tsari ita ce aikin da ya gudana kaɗai yake ba da labarinsa. Sabuwar sabar da aka manta ba a sa ta cikin jadawali ba, ba za ta taɓa yin ja ba.

Abin da ya faru da GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ranar 31 ga Janairun 2017 ya tona wannan asiri. Wani injiniya ya goge rumbun bayanai na kusan gigabait 300 bisa kuskure. Da aka je ɗauko kwafi, sai aka tarar ma'ajiyar fayau. Manhajar pg_dump da ke ɗaukar kwafin tsohon samfuri ce, 9.2, rumbun kuwa na PostgreSQL samfurin 9.6 ne, don haka kullum sai ta faɗi. Tana aika saƙon gazawa, amma sabar imel tana ƙin karɓa saboda ba shi da tantancewar DMARC, mai tabbatar da asalin mai aiko imel. Kowa ya ɗauka shiru lafiya ce. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awa shidan kuma suka tafi.

Shi ya sa yanzu ake juya ƙararrawar. Kowane aiki sai ya buga alamar "na gama" ga wata na'ura dabam; in aikin kullum ya wuce awa 26 ba alama, waya ta yi ƙara. Ana auna shekarun kwafi mai kyau na ƙarshe, ana auna girmansa: wanda jiya yake gigabait 80 yau ya koma 2, ko da allo kore ne, akwai lauje cikin naɗi. Duk mako a gwama jerin sabobin da ke aiki da jerin waɗanda ake ajiyewa. Mafi nauyi shi ne gwajin maidowa: a tayar da kwafin a keɓaɓɓen wuri, a buɗe rumbun, a ƙirga layuka, a rubuta mintunan da aka ci. Veeam, mai ƙera manhajar ajiya, ta sa irin wannan gwaji cikin manhajarta tun 2010, amma har yau shi ake fara yankewa in lokaci ya ƙure.

A Yunin 2017 cutar kwamfuta mai suna NotPetya ta shafe kwamfutocin kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Kwafin sabar da ke riƙe da sunaye da izinin ma'aikata a ofishin Ghana ya tsira, kuma ɗauke wuta ne ya raba shi da layi a lokacin. A Maris 2021 gobara ta cinye wata cibiyar sabobi ta kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke gini ɗaya da asalin suka rasa duka. Ƙa'idar 3-2-1, wato kwafi uku, ma'aji iri biyu, ɗaya a nesa, ta samu ƙari: ɗaya wanda ba ya goguwa ko da kalmar sirrin babban mai kula. Masu garkuwa da bayanai kwafin suke fara nema, don haka duk umarnin gogewa ko rage kwanakin ajiya dole ya tada ƙararrawa nan take.

A Damagaram akwai ƙarin abin lura. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, alhali kaset na ajiya yana son 16 zuwa 25, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Ma'aunin zafin ɗakin saba da cajin batirin ko-ta-kwana su shiga allo ɗaya da rahoton ajiya. Dokar Nijar ta kare bayanan sirri ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, kuma kwafi ma bayanai ne: a rufe shi da makullin sirri, a gwada makullin. Sannan a yi lissafin layi. Jawo gigabait 200 daga Yamai a kan layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa zai ci awa 44, in layin bai yanke ba, shi ya sa reshe ke bukatar nasa kwafin a cikin gari.