Neman gurbi a zaman gyaran wasan kwaikwayo na O'Neill a Amurka: tambayoyinku da amsoshi

Tunda na ɗan taɓo maganar cibiyar O'Neill a wata hira da mukayi da ƙannenmu masu rubutun wasan dandamali, tambayoyi suketa zuwa, wasu ma sun ɗauka gasa ce irin su Hikayata da za'a ce ga na ɗaya ga na biyu a miƙa kyauta kowa ya kama gabansa. Toh ba haka abun yake ba, shiyasa nace bari in tattara su in amsa gaba ɗaya in huta.

Wai mene ne wannan zaman, kuma a ina akeyi?

Cibiya ce mai suna Eugene O'Neill Theater Center, tana wani ƙaramin gari Waterford a jihar Connecticut, a bakin teku, tsohuwar gona ce da gidajenta da rumbunta aka mayar wajen wasa. Wani bawan Allah George C. White ne ya kafa ta a 1964, aka sa mata sunan Eugene O'Neill, marubucin wasan da ya ci kyautar Nobel a 1936, wanda gidan iyayensa yake nan kusa a New London. Shirye shiryensu da yawa amma biyu ne suka shafe mu, akwai National Playwrights Conference na masu wasan magana zalla, sai National Music Theater Conference na wasa mai waƙa wanda aka fara a 1978. Duk shekara da bazararsu, wajen Yuni zuwa Yuli, sai su kwaso marubutan da suka zaɓa su ajiye su a can, kwana a can ci a can, babu wani aiki a gabanka sai wasanka.

Toh in an je me akeyi takamaimai?

Nan ne daɗin abun yake. Za'a haɗa ka da darakta, da ƙwararrun 'yan wasa, da wani mutum da suke kira diramatog, shi wannan ba rubuta maka zaiyi ba, aikinsa ya zauna kusa da kai yana maka tambayoyin da baka so, me yasa matar nan ta yafe wa mijin a fitowa ta uku alhali babu abunda ya canza, ina yaron da ka shigo dashi a farko ya shige, irin wannan dai. Ana kwana huɗu ko biyar ana gwaji, sannan a nuna wa jama'a sau biyu, kuma 'yan wasan da takardar a hannunsu suke fitowa, ba hadda sukeyi ba.

Mutane da yawa in sunji wannan sai su raina, wai wasa da takarda a hannu ai ba wasa bane. Da gangan akayi haka malam. In ɗan wasa ya haddace layi, ka zo da daddare kace ka soke shafi shida ka sake sabo, ka cuce shi, kai ma kunya zata hanaka. Amma in takarda ce a hannunsa, da safe kawai a cire tsohon shafi a saka sabo shikenan. Kayan ado ma babu, 'yan akwatuna ne da katakai marasa kwalliya, yau su zama gado gobe su zama kanti, wani lokacin ma a fili akeyi ƙarƙashin bishiya, duk wanda ya taɓa zama a Drama Village na ABU Zariya zai gane yanayin da nake nufi. Hikimar itace kada fitila da kaya masu ƙyalli su rufa wa rubutu asiri, in magana bata tsaya da ƙafarta ba kowa zai ji, kai da ka rubuta zaka riga kowa ji, kana zaune a baya kana kallon 'yan kallo suna gyara zama a daidai inda ka ɗauka kuka zasuyi.

Tsarin nan Lloyd Richards ne ya kafa shi sosai, baƙar fata ne, shi ya jagoranci zaman daga 1968 har 1999, sama da shekara talatin kenan, kuma a tsakiyar wannan lokacin shine shugaban makarantar wasan kwaikwayo ta jami'ar Yale.

Ni ina Kano, wani yana Damagaram, zamu iya nema?

Bari in faɗi gaskiya tun yanzu kada wani ya ɓata kuɗin data. Sharaɗinsu shine ka kai shekara 18 kuma kanada izinin yin aiki a Amurka, saboda biyanka zasuyi, a wajensu aiki kazo ba yawon buɗe ido ba. Kaga wanda yake gida bashida wannan takardar wannan ƙofar ba tasa bace tukunna. Amma 'yan uwanmu da suke can, 'yan zango na unguwar Bronx a New York da yaranmu da aka haifa a can da wanda takardunsa suka cika, su babu abunda ya hana su, kuma wallahi labarin da suke ɗauke dashi ba kowa ke dashi ba.

Kuma ba wai ƙafar ɗan Najeriya bata taɓa taka wajen ba. Wole Soyinka a nan ya fara nuna Madmen and Specialists a 1970, bayan fitowarsa daga tsare shin da akayi lokacin yaƙin basasa, sannan ya koma Ibadan ya nuna cikakken a 1971. Kaga ko shi sai da ya fara gwada ɗanyen kafin ya kai gida.

Wanda yake gida kuma yana son wajen zama ya yi rubutu, akwai Ebedi a garin Iseyin na jihar Oyo da Dakta Wale Okediran ya kafa a 2010, sai dai can ɗaki da natsuwa zaka samu, ba tawagar 'yan wasa ba.

Me da me ake turawa, kuma yaushe?

Ana buɗe ƙofa ne da kaka, wajen Satumba zuwa Oktoba, na ɗan lokaci kaɗan, ta intanet. Zaka tura cikakken wasan, da jerin mutanen cikinsa, da ɗan tarihinka, da bayanin inda aka taɓa karanta wasan in an taɓa, sai wata gajeriyar takarda da zaka faɗi me kake so ka cimma in an ɗauke ka. Rubutun kansa kada sunanka ya fito ko'ina a jikinsa, ba a bango ba, ba a ƙasan shafi ba. Sakamakon ƙarshe sai wajen Afrilu, wato kusan rabin shekara kana jira, dan haka ka tura ka manta ka kama wani rubutun.

Babban sharaɗi kuma, kada ya zama an riga an nuna wasan a matsayin cikakken shiri na ƙwararru. Karatu a zaure ko gwaji da abokai wannan ba komai.

Da Turanci masu tantancewa suke karatu. Amma ni a ganina in tsohuwar cikin wasanka zata ce "ɗan nema" ko "Allah ya shirya" ka bar mata abunta da Hausa, yanayin wajen zai fassara, kada ka mayar da ita Baturiya dan kana neman shiga.

Sai na gama wasan tsaf babu kuskure sannan in tura?

Wannan itace tambayar da tafi kowacce, kuma anan mutane suke faɗuwa ta gefe biyu. Wasu su tura abunda ko ƙarshe bashida shi suna cewa ai wajen gyara ne, a'a, dole ya zama akwai farko akwai ƙarshe, mai karatu ya ji muryarka daga shafin farko. Wasu kuma, kuma sune sukafi yawa, sai su cika takardar nan ta manufa da yabon kai, wasana zai girgiza duniya, wasana ya taɓo matsalar al'umma, ina so duniya ta ji muryata. Toh in wasanka ya riga ya kammala haka me zakazo yi? Asibiti ai mara lafiya yake nema, kuma likita yafi son wanda zai nuna masa daidai inda ke ciwo.

Abunda ya kamata ka rubuta shine irin, kashi na biyu yana min nauyi kuma ina zargin dan uban ya faɗi sirrin da wuri ne, ina so in ji shi a bakin 'yan wasa in gani ko zan iya jinkirta shi. Ko kace akwai fitowar da mutum biyar suke magana lokaci ɗaya a gidan biki, a takarda bazan iya sanin ko ana fahimta ba sai na ji da kunnena. Kaga wannan ya nuna abu biyu, ka san wasanka ciki da waje, kuma abunda kake buƙata shine ainihin abunda suke dashi, wato mutane da ɗaki da lokaci. Mu dai munada wata al'ada ta ɓoye aibin kayanmu in mun kai kasuwa, anan kuwa wanda ya iya faɗin aibin nasa da hujja shine yake da ciniki.

Na wasa mai waƙa fa, akwai bambanci?

Akwai. Bayan rubutun zaka haɗa da waƙoƙin a naɗe su saurara, ba sai an kashe kuɗin situdiyo ba, murya da fiyano in sun fito fes sun isa. In labarin daga littafin wani ko fim ɗin wani ka ɗauko sai kanada izini a rubuce. Yawanci kuma tawaga ce, mai labari da mai baiti da mai kiɗa, zaman nasu wajen sati biyu ne, kuma waɗanda ake ɗauka basu kai na wasan magana yawa ba.

Sai dai a kula, waƙar da suke nufi ba irin wadda muka saba a finafinanmu bace da za'a tsayar da labari a tafi lambu a canza kaya sau huɗu a dawo a ɗora daga inda aka tsaya. A nasu waƙar itace labarin, yarinya ta fara baiti tana shakka ta ƙare ta yanke shawarar barin gida, in ka cire waƙar labarin ya ɓalle. In the Heights na Lin-Manuel Miranda da Quiara Alegría Hudes ya bi ta nan a 2005, ya zo ya ci kyautar Tony, babbar kyautar wasan dandamali ta Amurka, a 2008.

Ba sai kanada hanya ba kuwa?

Na san dalilin tambayar, mun saba. Shiyasa ake cire suna, masu karatun zagayen farko basu san waye kai ba, baka buƙatar wakili ko wasiƙar wani babba. Amma kada in yaudare ka, rubutu sama da 1,000 suke samu a shekara, waɗanda za'a ɗauka basa wuce takwas. Rashin hanya baya nufin sauƙi.

Kuɗi fa, nawa zan kashe?

A shekarun baya kuɗin nema dala 35 ne, ka duba na shekarar da zaka nema. In an ɗauke ka su zasu ɗauki nauyin tafiya da masauki da abinci, har da ɗan alawus, kuma wasan yana nan a matsayin naka.

In suka ƙi ɗaukata shikenan wasan bashida kyau?

August Wilson, shahararren marubucin wasa na Amurka, ya sha turawa ana dawo masa da kayansa kafin a karɓi Ma Rainey's Black Bottom a 1982, mutumin da ko sakandare bai gama ba, a laburare ya koyar da kansa. A wannan zaman ya haɗu da Lloyd Richards, Richards ɗin ne ya bada umarnin wasan har Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, a 1984, Wilson ya sake komawa Waterford da Fences a 1983, wanda ya ci babbar kyautar Pulitzer a 1987. Cibiyar kuma tana sanar da waɗanda suka kai zagayen kusa da ƙarshe, marubuta a can har a tarihinsu suke sawa saboda wasu gidajen wasan suna dubawa.

Kafin Satumba ta zagayo dai ka tara mutum biyar ko shida a tsakar gida ko a aji bayan an tashi, ka raba musu takardu, ka saya musu lemo, kai kuma ka koma baya da biro kayi shiru kada ka gyara wa kowa karatu. Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe ko wani ya zaro waya ka sa alama, daga waɗannan alamomin zaka ciro abunda zaka rubuta a takardar manufar.