Sana'ar Ɗan Wasan Talabijin a Indiya

Ɗan wasan talabijin a Indiya shi ne wanda abincinsa ke fitowa daga shirye-shirye masu dogon zango da tashoshin ƙasar ke haskawa, maimakon finafinan silima. Bayanin da ke nan ya fi karkata ga masu wasa da harshen Hindi, waɗanda cibiyarsu Mumbai ce, ko da yake harsunan Tamil, Telugu, Bengali, Marathi da Malayalam kowanne yana da tasa masana'antar. Abin da ya raba wannan sana'a da ta silima shi ne tsawon zama cikin rol ɗaya. Jarumin fim yakan ari halin wani na 'yan watanni ya ajiye. Na talabijin kuwa yana iya shekara takwas ko ashirin yana amsa suna ɗaya, yana shiga ɗakunan mutane kowane dare, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin jama'a. Yawancin abin da 'yan wasan ke faɗa game da aikinsu, na godiya da na koke, daga nan yake tasowa.

Asali

An fara watsa shirin talabijin a Delhi ranar 15 ga Satumban 1959, kuma tashar gwamnati, Doordarshan, ita kaɗai ce a fage sama da shekara talatin. Hoto mai kala ya zo a 1982, shekarar da Delhi ta karɓi gasar wasannin Asiya. Shiri mai dogon zango na farko da Hindi shi ne Hum Log, wanda aka fara ranar 7 ga Yulin 1984 aka rufe a Disambar 1985, bayan kashi 154 (wasu majiyoyi na cewa 156). Manohar Shyam Joshi ne ya rubuta shi, an kuma ɗauko dabarar cusa saƙon wayar da kai cikin labarin iyali daga ƙasar Meziko. A ƙarshen kowane kashi tsohon jarumin silima Ashok Kumar yakan fito ya tattauna da masu kallo kan abin da suka gani.

'Yan wasan wancan zamani akasarinsu daga dandamali suka fito, da yawa kuma sun yi karatu a makarantar wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke Delhi, wadda aka kafa a 1959. Shiri na fita sau ɗaya ko sau biyu a mako, kuma sau da yawa kashi 13 ake amincewa da shi tun farko, don haka akwai lokacin karanta labari tare, a yi gwaji, a gyara furuci kafin a kunna kyamara. Tsofaffin 'yan wasa kan koma ga wannan batu a duk hirar da aka yi da su: a lokacin, ɗan wasa ya san ƙarshen labarin kafin ya fara, saboda haka yana iya tsara inda zai sassauta da inda zai ƙure ƙarfinsa. A wannan yanayi ne Pankaj Kapur ya fito a matsayin jami'in bincike a Karamchand a 1985, Shah Rukh Khan kuma ya yi suna a Fauji da Circus a ƙarshen shekarun 1980, kafin fim ɗinsa na farko ya fita a 1992.

Shirin addinin Hindu, Ramayan, na Ramanand Sagar shi ne ya nuna iyakar abin da akwatin talabijin zai iya yi wa ɗan wasa. An haska shi safiyar kowace Lahadi daga 25 ga Janairun 1987 zuwa 31 ga Yulin 1988, kashi 78, an kuma ɗauke shi a Umbergaon da ke jihar Gujarat. Arun Govil, haifaffen Meerut (ana saɓani kan shekarar haihuwarsa tsakanin 1952 da 1958), shi ya fito a matsayin Ram, wanda mabiya addinin Hindu ke bauta wa. Govil ya sha faɗa cewa da fari ba a ɗauke shi ba bayan gwaji, sai daga baya aka kira shi. Ya kuma bayyana cewa abin da ya fi ba shi wuya shi ne nuna mutumin da ba ya fushi a fili ba ya kuma rawar jiki, kuma ɗan murmushin nan da aka san shi da shi ne ya warware masa matsalar. Bayan shirin, mutane kan durƙusa su taɓa ƙafarsa a tasha da filin jirgi. Ya ba da labarin yadda wani mai kallo ya yi masa faɗa da ya gan shi yana shan sigari a wurin ɗaukar fim, abin da ya sa ya daina. Amma darajar ta zo da hasara: ya ce furodusoshin silima sun daina kiransa, don a ganinsu babu wanda zai yarda ya ga wannan fuska tana rawa ko tana dambe.

Mahabharat na B. R. Chopra ya biyo baya daga 1988 zuwa 1990, kashi 94. Nitish Bharadwaj, likitan dabbobi a karatunsa, ya fito a matsayin Krishna, wani abin bautar Hindu, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

Zuwan shirin kullum

Zee TV ta buɗe a Oktoban 1992, tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa. Babban sauyin ya zo ranar 3 ga Yulin 2000, da Star Plus ta fara Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi na kamfanin Balaji Telefilms, ƙarƙashin Ekta Kapoor. Labarin uwar miji ne da matar ɗa a cikin babban gida na attajirai, ya kuma kai kashi 1,833 kafin a rufe shi a Nuwamban 2008. Daga nan salon ya mamaye dare a manyan tashoshi: mace ce uwar labari, ita ke ɗauke da mafi yawan fitowa, maza kuma na zagaye da ita. Smriti Irani a matsayin Tulsi, matar ɗan a wannan shiri, da Sakshi Tanwar a matsayin Parvati, a wani shirin na kamfanin, su ne fuskokin zamanin. Shirye-shiryen farko na fita Litinin zuwa Alhamis. Yanzu kwana shida ko bakwai a mako ba abin mamaki ba ne.

Yadda ake samun rol

Unguwannin Andheri da Versova a Mumbai, musamman Aram Nagar, nan ne ofisoshin masu zaɓen 'yan wasa suka taru. Mai neman rol yakan tsaya gaban kyamara riƙe da allo mai sunansa, tsayinsa da shekarunsa, ya juya dama da hagu, sannan ya karanta ɗan guntun magana da aka ba shi. In ya tsallake, sai gwajin kama: a sa masa tufafi da kwalliyar rol ɗin a ga ko ya dace. Sai gwajin ɗauka tare da wanda za su yi wasa, don a auna ko jininsu ya haɗu a hoto. Kalmar ƙarshe ba ta darakta ba ce, ba ma ta furodusa ba. Tashar da za ta haska shirin ce ke amincewa da manyan jarumai, kuma takan sauya mutum bayan an ɗauki kashin gwaji.

Ranar aiki

Ana gina gidan labarin a matsayin saiti na dindindin, ko dai a Film City da ke Goregaon, wanda aka kafa a 1977, ko a wajen gari irin su Naigaon da Mira Road inda haya ta fi sauƙi. Film City na maƙwabtaka da gandun dajin Sanjay Gandhi, don haka damisa kan leƙo saiti lokaci zuwa lokaci.

A takarda, aikin yini awa 12 ne, kamar tara na safe zuwa tara na dare, ban da tafiyar zuwa da komawa a cunkoson Mumbai. Kowane kashi na rabin awa yana ɗauke da kusan minti 20 zuwa 22 na wasa, ragowar talla ne, kuma dole a kammala kwatankwacin kashi guda kowace rana. Jaruma takan iso da wuri don kwalliya, gyaran gashi, ɗaura sari da jera gwala-gwalai, abin da kan ci awa ɗaya ko fiye. Takardar magana sau da yawa a ranar take zuwa, wani lokaci mintoci kafin ɗauka. Saboda haka abin da aka fi nema a wurin ɗan wasan talabijin shi ne saurin hadda da iya kuka a kan lokaci. Wanda hawaye ya ƙi masa, ana ɗiga masa gilisarin.

Ana fara ɗaukar fitowar daga nesa da kowa a ciki. Sannan a matso a ɗauki fuskar kowane mutum shi kaɗai, da mai magana da wanda ke tsaye yana saurare. Waɗannan hotunan fuska su ne jarin mai tace hoto: idan kashi ya gaza tsawon da ake buƙata, da su ake cikewa, a nuna firgicin mutum goma ɗaya bayan ɗaya da kiɗa a ƙasa. Masu suka na yi wa wannan salo dariya, amma asalinsa lissafin lokaci ne fiye da rashin gwaninta. Galibi ayari biyu ke ɗauka a lokaci guda a ɓangarori biyu na saiti, jaruma tana kai-komo tsakaninsu, don haka sau da yawa takan yi magana mai zafi ga mijin da ba ya wurin, mataimakin darakta na karanto mata amsarsa daga bayan kyamara. Inda bayan mutum kawai za a gani, akan sa wa wani tufafinsa ya tsaya.

Inda ake samun tangarɗa

Matsala ta farko ita ce ƙarewar ajiya. Shiri kan fara da kashi da dama a hannu, amma ciwon jaruma, ruwan damina ko sauya labari na cinye su, har a kai matsayin da abin da aka ɗauka da safe shi za a haska da dare. A nan ne aikin awa 12 ke zama 16 ko kwana a saiti. Ta biyu ita ce saɓanin kama: fitowa ɗaya da aka ɗauka a kwana biyu, ɗan kunne ko jan ɗigon goshi ya sauya wuri. Shi ya sa ake da mataimakin da aikinsa ɗaukar hoton kowa kafin a tashi.

Ta uku, wadda 'yan wasa suka fi kokawa da ita, ita ce alƙaluman masu kallo. Hukumar BARC, wadda ta fara fitar da su a 2015, takan sake su ranar Alhamis. In lamba ta faɗi, labari na iya juyawa cikin mako guda: mutumin kirki ya zama mugu, a kashe wani, ko a tsallake shekara ashirin a wayi gari jaruma 'yar shekara 28 tana da jikoki a labarin. Da yawa sun bar shiri a irin wannan gaɓa don gudun a maƙala masu rol ɗin uwa tun da ƙuruciya. Idan jarumi ya tafi, marubuta na da hanyoyi sanannu: hatsarin mota da tiyatar sauya fuska, ko mutuwar da ba a ga gawa ba. A 2001 an kashe Mihir, mijin Tulsi, wanda Amar Upadhyay ke fitowa a matsayinsa. Masu kallo suka yi ca, dole aka dawo da shi da ciwon mantuwa. Da Upadhyay ya tafi silima, Inder Kumar ya karɓa, sannan Ronit Roy.

Biya

Da kwana ake biya, ba da wata ba, kuma kwanan da aka yi aiki kaɗai ake lissafawa. Babban jarumi na iya samun kwana ashirin da wani abu a wata, mai ƙaramin rol kuwa ya tashi da biyar in labari ya kauce daga gare shi. Al'adar da aka daɗe a kai ita ce a biya bayan kwana 90, abin da ƙungiyar 'yan wasa ta CINTAA ta sha neman a rage. Illar ta fito fili a 2020, da aka dakatar da ɗauka daga tsakiyar Maris saboda cutar korona. Da aka dawo, gwamnatin Maharashtra, jihar da Mumbai take, ta hana waɗanda suka haura 65 shiga saiti, har sai da babbar kotun Bombay ta soke hanin a watan Agusta.

Rol da mai shi

Alok Nath yana kusan shekara 30 ya fito a Buniyaad a 1986, inda rol ɗinsa ya tsufa a cikin labarin, daga nan kuma uba mai addini aka riƙa ba shi. Shivaji Satam ya yi shekara ashirin, 1998 zuwa 2018, yana shugaban 'yan sanda a shirin CID. Ronit Roy ya bi hanyar a juye: ya fara da silima a 1992, kasuwarsa ta mutu har ya buɗe kamfanin tsaro, talabijin ta farfaɗo da shi a farkon shekarun 2000, fim ɗin Udaan na 2010 kuma ya mayar da shi silima da lambar yabo. Sushant Singh Rajput ya bar Pavitra Rishta a 2011 yana kan ganiyarsa, fim ɗinsa na farko ya fita a 2013. Surekha Sikri, wadda ta gama makarantar wasan kwaikwayo ta Delhi a 1971, ta kwashe shekaru a dandamali da finafinai masu nauyi, amma kakar nan mai tsauri ta Balika Vadhu, daga 2008, ita ce ta sa aka san ta a ƙauyuka.

Siyasa

Deepika Chikhalia da Arvind Trivedi na Ramayan sun shiga majalisar dokokin ƙasa a 1991, Bharadwaj a 1996, Govil a 2024 daga Meerut, duk a jam'iyyar BJP. Smriti Irani ta zama minista a 2014. Ana muhawara kan rawar da shirye-shiryen addini suka taka a siyasar ƙasar.

A ƙasar Hausa

Finafinan Indiya sun daɗe a silimomin Arewa, amma masu dogon zango sun bazu ne ta tauraron ɗan'adam, ta tashoshi irin su Zee World da ke fassara su zuwa Turanci tun 2015, da Arewa24 wadda ta haska wasu da Hausa. A fassara muryar ɗan wasan ba ta isowa ga mai kallo, ta wani ce ake ɗorawa, don haka fuska da motsin ido ne kawai nasa. Masu kallo a Kano da Maraɗi ma da sunan rol suka fi sanin jaruman.