Ziyarar Gidan Tarihi ta Intanet

Ziyarar gidan tarihi ta intanet hanya ce ta zagaya tsohon gida ko gandu da aka mayar wurin adana tarihi, ta waya ko kwamfuta, ba tare da mutum ya taka ƙafa wurin ba. Ana kafa kyamara mai ɗaukar kowane ɓangare lokaci guda a tsakiyar ɗaki, a ɗauka, a matsa gaba, sannan manhaja ta haɗe hotunan yadda mai kallo zai waiwaya, ya ɗaga kai ya ga rufi, ya shige ɗaki na gaba. Wasu kan ƙara da na'urar leza mai auna tsawo da faɗin gini.

Kamfanin Google ya fara irin wannan aiki da manyan gidajen tarihi a 2011, amma abin ya fi bunƙasa a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe akasarinsu a duniya. Sanannen misali shi ne Mount Vernon, gida da gonar George Washington, shugaban Amurka na farko, a jihar Virginia, inda bayi sama da 300 ke zaune lokacin da ya mutu a 1799.

A birnin Kano, gine-ginen da suka fi cancantar wannan hidima su ne waɗanda aka gina da ƙasa. Gidan Makama an gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci Kano a 1903, yau kuma yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, mazaunin Hanns Vischer, Baturen da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909. Ginin tubali da azara kowace damina sai ta ci wani abu a jikinsa, kowane sabon yaɓe kuma yakan ɗan sauya zanen bango. Ma'aunin da aka adana yau shi magini zai duba in bakan gizon wani soro, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufinsa, ya rufta gobe, kuma wannan amfanin ya fi na yawon buɗe ido nauyi.

Hoto dai ba ya kawo sanyin soro a tsakiyar bazara. Sannan yana cin data sosai, abin da kan hana ɗalibai da yawa kaiwa ƙarshen zagayen.